Ni da 'Yan Aikena

Kowane mai rubuta manhaja yana da ciwon da yake ɓoye wa abokan aiki. Wani ba ya gwada abin da ya rubuta sai ya fashe a hannun jama'a. Wani kwafe-kwafe ne sana'arsa, in netwok ya ɗauke sai ka ga ya miƙe zai tafi alwala tun ladan bai yi gyaran murya ba. Ni nawa ciwon ya fi waɗannan kama da mutunci, shi ya sa ya daɗe ba a gano shi ba. Ba na iya yi wa rumbun bayanai magana ido da ido. Sai na nemi wanda zai shiga tsakaninmu, in na samu kuma sai in nemi wanda zai shiga tsakanina da shi.

Idan aka kawo sabon aiki ofis, mutanen kirki sukan fara da tambayar me za a adana, wa zai zo nemansa, sau nawa a rana. Ni kuwa kafin a gama bayani na riga na buɗe sabon jadawali, na jera sunayen direbobi da shimfiɗun da ake ɗorawa a kan rumbun, na ja musu layuka: wanne ya fi farin jini, wanne aka gyara kwanan nan, wane babban kamfani ke aiki da wanne, wanne ne littafin bayaninsa ya fi kyan gani. Wannan na ƙarshe ba na rubuta shi a jadawalin, amma shi ke yanke hukunci. Haka zan zauna a kai kwana da kwanaki, fuska a murtuke, in wani ya leƙo in ce masa bincike nake yi.

Ga wanda ba ɗan hannu ba, direba ƙaramar manhaja ce da ke ɗaukar maganarka ta kai wa rumbu a harshen da yake ji, ta dawo maka da amsa. Wannan ba makawa sai da shi. Shimfiɗa kuwa a kan direban ake ɗora ta, alkawarinta shi ne ba sai ka koyi harshen rumbun ba sam, kai dai ka miƙo kayanka ka ce a ajiye. Ita ta ganin dama ce. Ni dai ban taɓa ganin damar barinta ba.

Tsakanina da rumbun bayanai surukuta ce irin ta mutanen da. Na san shi ke riƙe da abin da na fi ƙauna, na san bai taɓa yi mini laifi ba, amma in na hango shi tafe sai in sauya hanya. In ina da magana sai in gaya wa kawu, kawu ya gaya wa amininsa, shi kuma ya kai. Amsa ta biyo ta inda saƙo ya bi, kowa ya rage kaɗan ya ƙara kaɗan. Bambancin dai kunyar suruki tarbiyya ce, tawa kuwa tsoro ne ya saka babbar riga.

Zamanin da na tashi ma ya taimaka wajen ɓata ni. Na koyi aiki lokacin da rumbu ke zaune a kan na'ura guda, ko MySQL ko PostgreSQL ko Oracle, ga kuma Hibernate, wadda Gavin King ya fara a 2001, ta riga ta kafa sarauta a wurin masu rubutu da Java. Ka zana siffar abu, ka ce wannan abokin ciniki ne, ga sunansa ga lambar wayarsa, ita ta juya maka shi ya zama SQL, harshen rumbun, ba tare da ka gani ba. Takan yi almubazzaranci, takan aika tambaya ɗari inda ɗaya ta isa, amma rumbun guda ne. In ya ce ya ajiye to ya ajiye, in aiki ya lalace a tsakiya ya mayar da komai yadda ya same shi. A irin wannan gida mutum yana iya tsufa ba wanda ya san bai iya magana ba. Tun 2002 Joel Spolsky ya yi gargaɗin cewa duk shimfiɗar da ta rufe abu mai wuya sai ta yi yoyo, abin da ke ƙasa ya ɓullo. Na karanta, na yaba da hikimarsa, har tura wa wasu na yi don su gyara halinsu.

Cassandra ce ta tona mini asiri. A Facebook aka haife ta, Avinash Lakshman da Prashant Malik suka rubuta ta domin binciken akwatin saƙonni, aka sake ta ga kowa a 2008, ta zama cikakken aikin gidauniyar Apache a 2010. Lakshman yana cikin waɗanda suka rubuta takardar Dynamo ta Amazon a 2007, daga can ta gaji yadda take raba kaya, siffar ajiyarta kuma ta ɗauko daga Bigtable na Google. Ba na'ura guda ba ce, gungu ne, kuma babu shugaba a cikinsu. An jera su zobe, kowace da yankinta. In ka kawo layi ɗaya na bayani, sai a ɗauki makullinsa a niƙa ya zama lamba, lambar ta nuna na'urar da za ta riƙe shi, sannan a yi kwafi, yawanci uku, a kan na'urori daban-daban, don in ɗaya ta mutu kada a yi zaman makoki.

A nan gizo ke saƙa. Tunda kwafi uku ne, duk sa'ad da ka rubuta sai an san guda nawa za su amsa kafin a ce maka an ajiye, duk sa'ad da ka karanta kuma sai an san guda nawa za a tambaya. Ka ce ONE, ɗaya ta isa, ka sami sauri. Ka ce ALL, sai ukun sun amsa, ɗaya ta yi tuntuɓe aikinka ya tsaya cik. Ka ce QUORUM, a bi rinjaye, biyu cikin uku. Lissafin ɗan firamare ne. In ka rubuta a biyu ka karanta daga biyu, biyu da biyu huɗu, sun haura uku, dole a cikin waɗanda ka tambaya a sami wadda ta ga rubutun ƙarshe. In ka rubuta a ɗaya ka karanta daga ɗaya, kana iya faɗawa kan wadda labari bai iso mata ba tukuna, ta ba ka tsohon zance da gaba gaɗi. Eric Brewer ya faɗi tushen wannan tun 2000: ranar da waya ta yanke tsakanin na'urori, ko dai ka ci gaba da amsa wa mutane da abin da ƙila ya tsufa, ko ka ƙi amsawa har a gyara. Babu kuma manhajar da za ta zaɓar maka, domin amsar ba a cikin kwamfuta take ba, tana cikin abin da kake adanawa. Yawan waɗanda suka yaba hoton biki yana iya makara da daƙiƙa biyu, ba wanda zai kai ƙara. Ragowar kuɗin mutum a asusunsa kuwa, a tambayi wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS ana ce masa babu, alhali ya san akwai.

A farkon lamari ina da uzuri, na kuwa ji daɗinsa matuƙa. Hanyar magana da Cassandra a lokacin ita ce Thrift, wani tsarin kiran na'ura daga nesa wanda shi ma a Facebook aka ƙera shi, yana sauraro a ƙofa ta 9160. Wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Don ka ajiye sunan mutum kawai sai ka mayar da haruffansa ɗanyun lambobi, ka cusa su cikin jaka, jakar cikin wata jaka, ka buga musu hatimin lokaci da hannunka, in na'urar da kake magana da ita ta faɗi kuma kai za ka nemo wata. Ko jarumi sai ya nemi ɗan aike. Aka kuwa samu har suka yi yawa. Ran Tavory ya rubuta Hector. Netflix ta ɗauki darussan Hector ta fito da Astyanax a 2012. Ga Pelops, ga Kundera da ta yi alkawarin za ka yi wa Cassandra magana da JPA, daidai yadda ka saba yi wa tsohon rumbu. A tatsuniyoyin Girkawa, Hector ɗan'uwan Cassandra ne, Astyanax kuma ɗan Hector, duk 'yan gidan sarautar Troy, kuma wanda ya san yadda birnin nan ya ƙare da ya yi hattara. Ni murna na yi. Ban taɓa ganin kakar jadawali mai albarka irin wannan ba.

Astyanax na zaɓa, kuma in za a ba ni Alƙur'ani in dafa, dalilina guda ne, Netflix. Na tsaya gaban abokan aiki na yi bayanin yadda take sanin zoben, take kai tambaya kai tsaye wurin na'urar da ke riƙe da kayan. Duk gaskiya ne. Amma abin da zuciyata ke faɗa shi ne, in ta ishi masu tura finafinai gidajen miliyoyin mutane, ai ta ishe mu. Masu aiki da manhajarmu a lokacin, da za a tara su a ɗakin taro guda, da an mayar da wasu kujerun haya. Wannan shi ne ƙanin ciwon nawa. Ina son in fake bayan sunan manya, yadda in abu ya ɓaci zan ɗaga hannu in ce ai ba ni na ƙirƙiro ba.

Ina ta wannan shagali, masu Cassandra suna can suna rushe mini uzuri. A 2011 suka fito da CQL, harshe mai kama da SQL, ka rubuta SELECT da INSERT kamar yadda ka saba. A farkon 2013, da fitowar 1.2, suka ba shi tasa hanyar a ƙofa ta 9042, wadda ke ɗaukar tambayoyi da yawa lokaci guda a kan igiya ɗaya, har rumbun ya riƙa sanar da direba in wata na'ura ta shigo gungu ko ta fita. Kamfanin DataStax, wanda Jonathan Ellis da Matt Pfeil suka kafa a 2010 da sunan Riptano, ya fito da direban Java na wannan hanya a shekarar nan ta 2013. Daga nan Thrift ya fara jinya. Aikin Hector ya tsaya, Netflix ta yi wa Astyanax ritaya ta nuna wa mutane direban DataStax, da Cassandra 4.0 ta fito a 2021 kuma aka cire Thrift ɗungurungum.

Mai hankali zai ce, ashe shimfiɗu mutuwa suke yi, rumbu da abin da ke cikinsa su ne suke zama, ga kuma harshe mai sauƙi an kawo har gida, sai a zauna a koya. Ni darasin da na ɗauka daban ne. Na ce lallai ina bukatar shimfiɗar da za ta kare ni daga mutuwar shimfiɗu. Sai na rubuta tawa.

Kafin in zo kanta, bari in yi wa direba adalci, don shi kaɗai ne cikin 'yan aikena yake cin guminsa. Da ya shiga gungu yakan ɗauki taswirar zoben, ya san wace na'ura ke da wane yanki, ya niƙa makulli tun daga wurinka ya kai tambaya ƙofar mai kayan ba tare da zagaye ba. Ya san na'urorin da ke cibiya ɗaya da kai, ba ya tsallake teku neman abin da ke bayan gida. Tambayar da kake yawan maimaitawa yakan kai ta sau ɗaya a tantance, daga baya sai dai ya riƙa cike gurabe. In amsa ta yi yawa ba ya jibgo maka ita gaba ɗaya, yana kawowa kashi-kashi, layi 5,000 kowane zuwa in ba ka sauya ba. Duk wannan wahalar waya ce, kuma ya dace a ɗauke wa mutum ita. Amma akwai inda yake tsayawa ya juyo ya dube ka. An aika rubutu, wa'adi ya cika ba amsa. Wannan ba ya nufin ba a rubuta ba, ƙila wata na'ura ta karɓa, amsar ce ta maƙale, kuma Cassandra ba ta janye abin da ta riga ta rubuta. A sake aikawa? In umarnin shi ne a mayar da lambar wayar wane kaza, ko sau goma aka maimaita sakamako ɗaya ne. In kuwa shi ne a ƙara biyar a kan abin da ke nan, maimaitawa ta mayar da biyar goma. Direban ba ya yi maka duba. Sai ka gaya masa da bakinka cewa wannan umarni ba ya cutarwa in an maimaita, in ba ka faɗa ba ya ɗauka yana cutarwa, ya dawo maka da matsalar a hannu. Haka ma zancen kwafi nawa za su amsa. In ka yi shiru sai ya sa LOCAL_ONE, ɗaya daga cibiyar da ke kusa, ya bar ka da abin da shirunka ya jawo.

To, waɗannan wuraren da direba ke dubana, su ne daidai na gina shimfiɗata don kada in gani. Fi'ili uku na ba ta: ajiye, nemo, goge. Na ce wa abokan aiki daga yau ba ruwan kowa da CQL, ba ruwan kowa da QUORUM, ku riƙa tunanin kasuwanci, sauran ku bar wa shimfiɗa. Har tafi aka yi mini. Da wani ya tambayi amfanin wannan wahala, na ba shi amsar da duk mai irin ciwona ya haddace, wai ko da wata rana za mu canza rumbu.

Kamar da CQL ya yi da SQL tarko ne ga irina. Babu JOIN a cikinsa, ba a haɗa tebur da tebur a lokacin tambaya, domin rabin amsar tana wannan na'ura, rabi tana waccan. Ana son ka fara sanin tambayoyin da za ka yi, sannan ka gina wa kowace tebur nata, ko da bayani ɗaya zai zauna wuri uku. In kana neman saƙonni ta sunan mai aikawa, kana kuma nemansu ta rana, to tebura biyu ke nan, ka haƙura. Wanda ya yi tambaya ba da makullin rabo ba, rumbun yakan ƙi, ya gaya masa wannan za ta sa a bi gungu gida-gida ana bincike. In ka nace sai ka ƙara kalmomi biyu, ALLOW FILTERING, ma'ana na ji na gani, alhakin a wuyana. Ni sai na koya wa shimfiɗata ta riƙa liƙa kalmomin nan a wutsiyar kowace tambaya da kanta, don kada a riƙa damun bayin Allah da gargaɗi. A kan kwamfutata, inda teburin bai wuce sunayen gwaji irin su Wane da Wance ba, abin gudu yake kamar iska.

Fi'ilin ajiye kuwa ya fi kowanne ladabi, ya kuma fi kowanne ɓarna. Cassandra ba ta goge abu nan take. Fayilolinta da zarar an rubuta su a faifai ba a sake taɓa su, don haka gogewa ma sabon rubutu ne, wata alama ce da ake dasawa wadda ke cewa abin nan ya rasu, masu sana'ar suna kiranta dutsen kabari. Dole dutsen ya daɗe a wurin, domin in wata na'ura tana kwance lokacin da aka yi gogewar, ranar da ta farfaɗo za ta zo da tsohon kwafinta, in ba ta tarar da shaidar rasuwa ba sai ta raba wa sauran, mamaci ya dawo gida. Shi ya sa ake barinsa daƙiƙa 864,000, kwana goma cif, kafin a share. Abin da mai kunya ba ya sani, saboda bai taɓa tambaya ba, shi ne rubuta babu a gurbi daidai yake da gogewa. Shimfiɗata kuwa takan ɗauki abu gaba ɗaya ta ajiye, gurbin da ke da kaya da wanda babu, kowane fanko ta dasa masa dutse. Mai karatu kuma sai ya tsallake duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya kafin ya kai ga mai rai. In tambaya guda ta ci karo da 1,000 rumbun ya yi gargaɗi a littafin rahotonsa, in ta kai 100,000 ya watsar da ita. Tun Cassandra 2.2 a 2015 akwai hanyar cewa gurbin nan a bar shi yadda yake, kada a taɓa, kuma direba ya iya ta. Shimfiɗata ce ba ta da fi'ilin.

Da gargaɗi ya fara cika littafin rahoto, na yi abin da ya dace da mutum irina. Na nemo inda aka rubuta 1,000 ɗin na ƙara masa sifili. Littafin ya yi tsit, ni ma na sami barci.

Na sami abokan kuka a kamfanin Discord, kuma na riƙe su kam. Injiniyoyinsu sun ba da labari a 2017 cewa teburin saƙonninsu yana da gurabe 16, amma saƙo na yau da kullum huɗu kawai yake cikawa, suka tarar suna dasa duwatsu goma sha biyu a kan kowane saƙo ba gaira ba dalili. Na zagaya ofis ina cewa kun ga, har Discord. Abin da ban cika ambata ba shi ne su sun gano, sun gyara, suka koma rubuta guraben da ke da kaya kawai. Ban kuma cika ba da kashi na biyu na labarinsu ba, don yana sosa mini inda ke ciwo. Gungunsu ya girma daga na'ura 12 zuwa 177, suka gaji da jinyarsa, a 2022 suka kwashe saƙonnin zuwa ScyllaDB, wani rumbu da aka rubuta da C++ yana jin CQL ɗin nan dai, na'ura 72 suka ishe su. Wato sun yi abin da nake ta tanadi dominsa, sun canza rumbu. Kuma su ma sun gina shimfiɗa tsakanin manhajarsu da rumbun, da harshen Rust. Sai dai tasu ba ta ɓoye komai. Kusan kowace tambaya guda tana da ƙofarta guda, ba a zuba mata dabarun kasuwanci ba, babban aikinta shi ne in mutum dubu suka nemi layi ɗaya a lokaci guda, ta je rumbu sau ɗaya ta raba musu amsar. Sun gina ta ne bayan sun san rumbun ciki da bai, don su kare shi daga cunkoso. Ni na gina tawa don in kare kaina daga saninsa.

Ranar gwajin tawa ta zo a 2019, da direban Java na 4.0 ya fito da sabon fasali wanda bai jitu da na baya ba, har sunayen kayan cikinsa an sauya. Ga ranar da aka haifi shimfiɗata dominta. A ƙa'ida wuri guda zan gyara, sauran manhajar ba za ta ko ji ba. Da na buɗe sai na tarar abokan aiki, duk lokacin da fi'ilina uku suka gaza musu, sun riƙa huda shimfiɗar suna zura hannu suna kamo direban ta ƙasa. Ba laifinsu ba ne, aiki suke so su gama. Hudar ta yi yawa har ba a san inda shimfiɗa ta ƙare ba. Na zauna na yi dogon nazari, na fito da mafita: wata siririyar shimfiɗa da za ta sa sabon direba ya riƙa kama da tsohon, don tsohuwar shimfiɗa kada ta gane an sauya. An sayar da kare an sayi biri, aka kuma riƙe karen. Yanzu in tambaya ta tashi daga manhajarmu sai ta gaida mutum uku kafin ta ga rumbu, in kuma kuskure ya taso daga can, kafin ya iso gare ni kowa ya naɗe shi da nasa zane, abin da nake gani kawai shi ne wai an sami matsala.

Kada mai karatu ya ɗauka ina zagin shimfiɗu ne. Spring Data Cassandra, alal misali, tana barin mutum ya rubuta CQL da hannunsa, ya faɗi kwafi nawa yake so su amsa, ya zaɓi ko a rubuta fanko ko a bar shi. Ga wanda ya riga ya san abin da yake yi, tana rage masa maimaita rubutu mai gundura, wannan kuwa alheri ne. Duk babin yana nan cikin littafin bayaninta. Ni ne nake tsayawa a shafin farko, inda aka nuna layi biyar sun yi aikin hamsin, in rufe littafin cikin farin ciki.

In na matsa wa kaina da tambaya, abin da ke ƙasa bai wuce gudun sa hannu ba. Zaɓen shimfiɗa hukunci ne mai daɗi. Akwai sunaye, akwai tambura, ana muhawara a kansa a ɗakin taro da shayi, in ya ɓaci kuma akwai baƙon da za a ɗora wa. Amma cewa wannan teburi makullinsa lambar asusu ce haɗe da wata, wannan rubutu sai biyu sun amsa, wancan ɗaya ta isa, wannan ba a maimaita shi ko da wa'adi ya cika, irin waɗannan hukunci ne da sunana ke ƙarƙashinsu. Ɗauki mutum biyu da suka nemi sunan rajista ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Shimfiɗata za ta duba ta ga babu, ta ajiye wa na farko, a daidai lokacin kuma ta duba ta ga babu, ta ajiye wa na biyu. Cassandra ba ta shiga rigima, wanda hatimin lokacinsa ya fi sabunta shi ya ci, ko da agogon na'urarsa ne ke gaba da kaɗan. Tun 2013, da fitowar 2.0, akwai IF NOT EXISTS, wanda ke sa na'urori su yi shawara ta tsarin Paxos kafin a ba wani sunan, amma shawarar tana cin kai-komo ninkin na rubutun yau da kullum, ba a watsa ta ko'ina. Sai wani ya zauna ya ce nan ta cancanta, can ba ta cancanta ba. Wannan wanin ake biyana albashi in zama.

Duniyar ma ba ta taimaka wa mai neman tuba. DataStax ta miƙa direban Java ga gidauniyar Apache a 2023, Cassandra 5.0 ta fito a 2024 da sabbin hanyoyin bincike, a 2025 kuma IBM ta sanar da sayen DataStax ɗin kanta. Kowane labari cikin waɗannan, mai aiki yakan karanta ya wuce. Ni kuwa kowanne hujja ce ta a dakata tukuna a sake duba zaɓi.

Kwanan baya aka turo mana wata 'yar bautar ƙasa, aka ba ta wani ɗan aiki da ya shafi rumbun. Ta zo ta tsaya gefen teburina ta ce, “Yallaɓai, wace shimfiɗa zan ɗauka? Na ga suna da yawa.” Ai kuwa ta zo gidan wa'azi. Na ce, “Malama, ajiye zancen shimfiɗa tukuna. Rubuta mini tambayoyin da za ki yi wa rumbun, kowace ki ba ta teburinta, ki zaɓi makulli da kanki. Ɗauki direba tsiraransa, kowane umarni ki faɗi kwafi nawa za su amsa, ki faɗi ko ana maimaita shi.” Na kawo mata Brewer, na kawo mata Discord, har Spolsky na tura mata.

Ta tafi ta yi yadda na ce, ba ta rage ko ɗaya ba. Fayil guda ta kawo, gajere, CQL ɗin a fili kowa na gani, QUORUM inda ya dace, ONE inda ya isa, gefen kowanne ta rubuta dalili. Na karanta daga sama har ƙasa ban sami abin gyara ba, sai wani irin ƙaiƙayi da ya fara mini a tafin hannu. Na ce aiki ya yi kyau ƙwarai, saura abu ɗaya, ta ɗan naɗe shi a cikin shimfiɗarmu don ya yi kama da sauran.

Ta dube ni ta ce, “Wacce daga ciki, Yallaɓai, ta sama ko ta ƙasa?”

Na ce ta ba ni zuwa Litinin, akwai wata ta uku da nake kan zanawa.